Yatsu Biyu a Wuya

Ni ke buga ƙarfen lakwal ɗin Garin Malam,
tsohon wilin mota rataye a reshen dogon yaro.
Gwiwata ta hagu kan riga rediyo sanin hadari,
shi ya sa ran Laraba, in Mushe Sanusi ya fito da yara fili,
nakan jawo benci kusa
in saci abin da ba a koya mini ba ina ƙarami.

Ba ya barin su ruga daga fitowa.
Ya ce jiki jaki ne da ya kwana a turke,
ka aza masa kaya bai yi miƙa ba, ya zubar da kai.
Sai a juya wuya, a juya kafaɗa,
a nemi yatsun ƙafa ba tare da gwiwa ta rusuna ba.
Ma'azu kullum a ƙwauri yake tsayawa,
ya rantse ƙasa ce ta ƙara nisa.

Sannan zagaye huɗu,
daga gindin tuta zuwa dutsen can
mai kama da tulun da aka kife aka manta.

Kiyari ya fita kamar akuyar da ta tsinke igiya.
Zagayen fari ya bar kowa.
Na biyu ya dafe kwiɓi.
Na uku yana gefena kan benci
yana hura iska kamar zugazugin maƙera.

Cima kuwa ba ta gaba, ba ta baya,
silifa ɗaya ɗaure da waya,
taku ɗaya, numfashi ɗaya,
ta cika huɗu ta tsaya
tana tambaya ko da saura.

Mushe ya ce, wa ya koya miki?
Ta ce, ba kowa.
Kullum da asuba jarka biyu nake ɗaukowa daga famfo,
yau ne kawai hannuna ba komai.

Bai yi dariya ba.
Ya ce sauri wutar kara ne, juriya gawayin ƙirya,
kuma mai girki na bukatar duka biyun.
Ya ce wa Kiyari, gobe ka bi bayanta.
Ya ce wa Cima, jibi ki bi nasa.

Sai ya ce kowa ya sa yatsu biyu a wuya,
nan ƙasan muƙamuƙi, a yi shiru.
Yara hamsin da wani abu, shiru!
Har kurciya na ji daga bayan katanga.
Barira ta zaro ido: Mushe, wani na ƙwanƙwasawa!
Ya ce zuciyarki ce.
Tsoka ce ita ma, kamar damtse,
aiki ke ƙara mata ƙarfi, zama ke cinye ta.
Ku ƙirga yanzu. Ku huta. Ku sake ƙirgawa.
Kun ji ta sauko? Godiya take yi.

Aka yi tsayuwar shamuwa, ƙafa ɗaya,
rabin aji ya zube kan sauran rabin.

Daga nan layi gaban randa.
A Damagaram ba a wasa da ruwa,
amma ya ce ku sha tun ƙishi bai yi sallama ba,
ku ci abin da aka ba ku a gida,
ku kwanta da wuri, da dare jiki ke ɗinke ɓarakarsa.

Da suka shige aji, fili ya rage ni da sawunsu.
Na waiga, ba kowa.
Na sa yatsu biyu a wuya.
Tana nan, baiwar Allah,
shekara sittin da bakwai ban taɓa gaishe ta ba.

Na duƙa neman yatsun ƙafata.
A gwiwa na tsaya.
Ma'azu bai yi ƙarya ba, ƙasa ta yi nisa.

Ranar dai na makara da buga ƙarfe,
kuma Laraba mai zuwa ƙwauri nake hari.