Kofi Ɗaya a Ƙauran Namoda

Inda dogo ya ƙare,
ciyawa ta haɗiye ƙarfen jirgi,
awaki na kiwo a wurin yankan tikiti.
Amma shuɗiyar ƙofar tana nan,
da allonta da harafi ɗaya ya faɗi:
ASK RIM.
Sauran ka cika da ka.

Na riƙo hannun Baba muka hau dakali.
Shi ya ce a zo. Tun asuba yake faɗi.

A ciki fanka na juyawa a kasalance,
kamar mai shawarar ajiye aiki.
Benci ya sha zama har ya yi sheƙi.
Firjin kananzir na tsaye a lungu,
'yar wutarsa a ƙasa kamar idon mage.
Ina yarinya na kasa gane
yadda wuta ke haifar ƙanƙara.
Har yau ban gane ba.

Malam Nagwandu ya ɗago daga rediyo,
gemunsa ya yi fari kamar hajarsa.
"Mai tuta! Ashe kana da rai?"
"Ina nan. Jirgi ne ya mutu."
Suka yi dariyar da ta ƙare da tari.

Ran albashi nan Baba ke kawo ni,
kakinsa na warin man inji da rana.
Sule biyu a kan kanta,
kofin gilashi ɗaya, cokali ɗaya.
In na miƙa masa, sai ya kau da kai:
"Sha abinki, ɗiyata,
haƙorana ba su shiri da sanyi."
Na yarda.
Sai da na fara ƙirga nawa albashin,
saura kwana tara wata ya ƙare,
na ji sanyin maganar ya sauka a haƙorina.

Yau jakata za ta sayi firjin da bencin,
amma takardar likita na aljihunsa,
ninki huɗu:
ban da suga.

Duk da haka Nagwandu ya kankaro,
madarar shanun Fulani, ƙamshin kwakwa,
ya ɗora dabino guda a kai, gyara.
Baba ya rungume kofin da tafin hannu biyu
kamar mai jin ɗumi.
Yana kallo tudun ya zama tafki.

Can ya tsoma bakin cokali,
ɗigo ɗaya, bai kai hawaye ba,
ya ɗora a harshe, ya rufe ido.
Fanka ta zaga sau bakwai, na ƙirga.

"Ashe haka yake," ya ce.
"To, haƙoran ma sun tafi,
sanyi ba shi da abin kamawa."

Nagwandu ya ƙi karɓar kuɗi.
Na cusa su ƙarƙashin rediyo.

A waje rana ta dake mu a ka.
Da muka zo tsallake dogo
Baba ya tsayar da ni da hannu,
ya duba hagu,
ya duba dama,
ya saurara.