Askin da Ya Rage

Da gawayi ka fara, Ilu,
a bangon gidan auduga na Garwa.
Sau huɗu mai gadi yana korar ka da kulki,
a na biyar ya gyara hula, ya ce, "To, zana ni."

Ni na fara ba ka allo,
falankin tsohuwar ƙofar kanti.
Na ce kawuna shida nake so, kowanne da irin askinsa.
Ka zana bakwai.
Na bakwai ni ne, da giɓina,
har da ƙudan nan da ya ƙi barin madubina.
Ko dala ba ni da ita a ranar,
sai muka shirya a kan aski uku.
Na yi maka ɗaya nan take,
kana ta mutsu-mutsu kamar an zuba maka ƙaiƙayi.

Daga nan gari ya zama takardarka.
Bayan tirelolin Njamena, zaki mai idon mutum.
Rumfar Dudu mai kifi, giwan ruwa yana murmushi.
Ƙarƙashin gadar Binuwai kuwa, dorina
wadda masunta suke yi wa sallama in za su wuce.
Kana dama fenti da fetur a gwangwanin tumatir,
kana shaƙa, kana tari,
kana cewa ƙanshin arziki ne.

Wata rana wata mata ta fito daga mota mai sanyi,
ta tsaya gaban dorinar har rana ta dafa mata wuya.
Sai Duwala. Sai Yawunde.
Sai ƙasar da ake ɗora riga kan riga.
Mun gan ka a talabijin ɗin mai shayi
cikin kwat da ta fi ƙarfin kafaɗarka.
Aka ce zanenka guda zai sayi babur arba'in,
'yan haya suka yi ta ƙirga yatsu,
shayi ya huce a hannunsu.

Ka aiko wa innarka kwanon rufi.
Ni kuma almakashi, da 'yar takarda a naɗe:
"Nan bango fari ne ƙal, kuma ba mai kora ta.
Tun da aka daina kora ta, hannuna ya yi nauyi."
Na karanta, na yi dariya.
Ban gane ba.

Damina biyar, ka dawo.
Ba ganga, ba mota mai sanyi,
ƙaninka ne ya riƙo ka daga tasha.
Likita ya ce huhun ya koma
kamar tsumman da kake goge burushi.
Shekara ashirin da tara.
Akwai rezar da ta girme ka a akwatina.

Na je gida na yi maka na biyu a kan tabarma.
Wannan karon ba ka motsa ba ko kaɗan,
ni ne hannuna ya ƙi tsayawa.
Ka shafa ƙeya, ka ce, "Saura ɗaya.
Kada ka ci mini, wanzamin banza."
Ranar Talata, kafin la'asar, aka kira ni.

Yanzu baƙi suna zuwa da na'urar hoto.
Sun ɓamɓare kwanon rumfar Dudu, sun biya ta, ta yi kuka, ta karɓa.
Dorinar kuwa ambaliya ta riga su,
ta mayar da ita cikin 'yan'uwanta.

Jiya wani ya zo daga Duwala,
ya daɗe yana kallon kawunan nan bakwai,
ya ce sefa miliyan biyu.
Na ce masa, malam, zauna in rage maka suma in kana so,
amma allon nan ba nawa ba ne tukuna.
Ban gama biya ba.