Haƙoran Jar Mota

Ranar Talata aka turo ta,
jikoki uku a baya, ɗaya a sitiyari,
tun daga Jekadafari har garejina a Tashar Dukku.
Ja ce, ƙofa biyu, kujera biyu,
ta kwanta ƙasa kamar ƙadangare a kan dutse.
Yarana suka ajiye shayi suka kewaye ta.
Sambo ya ce, Oga, wannan ai ta girmi babana.

Malam Gidado ya biyo bayanta a kan acaɓa,
da sanda, da tabarau mai kaurin gindin kwalba,
da ƙunshi a takardar siminti.
Ya kwance a hankali:
haƙoran bamba guda biyu,
farin ƙarfe mai ɗaukar ido, baƙar roba a baki.
Wata bakwai ana cigiya,
Ƙofar Ruwa babu, Panteka a dawo gobe,
kafin wani dattijo ya zaƙulo su
a ƙarƙashin tulin tsofaffin rim.

Ya ce, Barau, cire tsofaffin.
Mai saye daga Abuja yake,
ya ce ba ya biyan kuɗin mai giɓi.

Na shimfiɗa kwali na shige ƙarƙashi.
Noti huɗu ne kacal,
amma tsatsar shekara arba'in ta yi musu aure da ƙarfe.
Na ba su kananzir, suka sha suka yi shiru.
Na ba su man birki.
Sifana sha uku ta zame,
ta tafi da fatar gaɓar yatsana.
Na tsotse jinin na ce Sambo kawo wuta.

Na dama ya faɗo kafin azahar,
da gidan zanzaro a cikinsa, fanko.
Na hagu kuwa ya ƙi.
Shi ne mai lotsawa,
ya karkace kamar bakin mai shirin dariya.

Malam na kan benci yana sauraron guduma.
Ya ce, bi shi sannu.
Wannan aikin Dije ne.
A hanyar Dadin Kowa na koya mata tuƙi,
na ce birki, ta ba ta wuta,
tsamiya tana tsaye ba ruwanta.
Muka fito, ta kalli haƙorin, ta kalle ni,
ta zauna a ƙasa tana dariya har da hawaye.
Na rantse sai ta biya.
Bana shekara tara da rasuwarta,
ba ta biya ba.

Ban ce komai ba.
Me mai gyaran mota zai ce?
Na rage wuta, na sake juya sifana,
notin ya yi ƙara ɗaya ya saki.

Sababbin ma sai da suka yi gardama.
Hujin ya kauce da faɗin ƙwayar gero,
na goge shi da magagari,
na yanko wosha a jikin tsohon tif,
na ɗaure, na kwance, na sake ɗaurewa
har suka tsaya kai ɗaya.
Sambo ya huro musu numfashi ya share da gefen riga.

Malam ya tashi ya laluba.
Tafinsa ya bi na dama, ya bi na hagu,
sumul, ba inda yatsa zai tsaya.
Ya ce, ta yi kyau.
Ya ce, kamar ba ta san kowa ba.

Ya ƙirga kuɗina bai nemi ragi ba,
abin da bai taɓa yi ba.
Sambo ya tattara tsofaffin zai kai wa 'yan gwangwan,
Malam ya tare shi da sanda.
Na dama, ya ce, ku sha rake.
Na hagu ya naɗe a takardar siminti,
ya ɗaure da zaren buhu, ya sa a hammata.

Babbar mota ta ɗauke ta ran Juma'a.
Inda ta kwana uku
baƙin mai ya ɗiga, faɗin tafin hannu.
Na hana a zuba ƙasa.