Keke Ɗaya a Rataye

A Tawa, bayan tashar 'yan albasa,
inda kwalta ta ƙare, jan dutse ya karɓa,
nan shagon Baba Nomau yake.
Allon ya koɗe. KE ɗaya ta goge,
saura KE guda tana jiran 'yar'uwarta.

Ina ɗan shekara goma aka kai ni wurinsa.
Aikina na fari riƙon kwano:
a tsoma roba a ruwa,
a bi ta sannu har inda kumfa zai tona asiri.
Yakan ce, "Arzika, huda ba ta ƙarya,
mai keke ne ke rantsuwa bai taka ƙaya ba."

A zamanin, in 'yan Abijan suka dawo
da rediyo a kafaɗa da turare mai hawa kai,
ba mai shiga ƙauyensu a ƙasa.
Sai sun biyo ta nan.
Ashirin a jere, ko ledarsu ba a cire ba.
Mutum ya murza feda, ya kasa kunne ga sarƙa,
ya ƙirga jikkuna a kan benci,
Baba ya ɗaura masa furen roba a ƙaho, kyauta.

Sai moto ya zo.
Bai yi sallama ba.
A kwali ya zo, ana biya kaɗan-kaɗan.
Malamin lekol ya jingine nasa a zaure,
mai kai wasiƙa ya bi sahu,
yara suka ce keke na wanda bai samu ba ne.

Dillalin Ƙwanni da ke kawo mana kaya
ya koma fulogi da baƙin mai.
Sarƙar da ake samu ta zama ta gwangwani,
wata uku ta tsinke, a zo a zagi Baba.
Ga gwanjo kuma daga bakin teku,
an zube a ƙasa kamar tumatirin yamma,
rabin kuɗi, har da ragi.

Shago bakwai ne a layin nan.
Na Alkasum ya zama wurin cajin waya.
Na Ɗan Baraka, fetur a kwalba.
Miko ya yi arewa, shiru har yau.
Sauran ban ma san ranar da suka rufe ba.

Ni ma na tafi, kada in yi ƙarya.
Ranar da na karɓi makullin kabu-kabu
ta bayan masallaci na zaga don kar ya gan ni.
Ya gan ni.
Washegari ya aiko min da sifana mai lamba goma,
wadda tafina ya cinye wa fenti.
Ko kalma bai haɗo da ita ba.

Jiya mai ya ƙare min daidai ƙofarsa,
ko kuwa ni na bar shi ya ƙare.
Yana zaune, tabarau ɗaure da zare,
yana yi wa kurar mai ruwa faci.
Bisa kansa keke ɗaya a rataye, baƙi wuluk,
taya biyu gare shi,
shekara tara ba wanda ya taya.
Duk Juma'a yakan sauke shi,
ya ba shi iska, ya shafe shi, ya mayar.

Na ce, "Baba, nawa?"
Ya dube ni ta saman tabarau, ya dubi moto.
"Kai da ka saba da gudu?"
Na ce Zali ce ta ci jarrabawa,
makarantar da nisa, ni kuma ina bisa hanya.

Ya miƙe, gwiwa na ƙara kamar feda marar mai,
ya kai hannu, ya buga ƙararrawa sau ɗaya.
"Kawo ta ta gwada.
In ƙafarta ta kai, ma yi magana."
Ya koma ga facinsa, bai ɗago ba:
"In na sayar kuma, me zan riƙa dubawa?"

Na tura moto zuwa wurin Ɗan Baraka.
Yana tsiyaya min lita,
kunnena na can baya.