Kumfa a Cikin Yaƙutu

A Damagaram aka yanke mini cibiya,
garin da duwatsu suka riga mutane zama.
Ga su can durƙushe a bayan Birni
kamar raƙuman da ayari ya manta.
Awaki na hawa, yara na zamiya,
ba wanda ya taɓa taya su.

Shi ya sa ranar da na ce zan tafi karatun dutse
kawu Tsahiru ya yi dariya har shayi ya sarƙe shi.
"Dutse, Zuwaira? Har Bankok?
Leƙa bayan gida mana, kyauta ne."

Baba bai yi dariya ba.
Shekara talatin yana narka azurfa a Zango,
yana ɗaura wa zobba ido
bai san sunan idon ba.
Ya sayar da filinsa na hanyar Mirriya,
ya cike inda bursu ta gaza.

Can na koyi kallo da ido ɗaya.
Matsefata a hagu, ɗan madubi a dama,
numfashi a riƙe.
Malamarmu ta ce dutsen gaske ba ya rasa tabo:
allura, gajimare,
ɗan tsagi kamar fiffiken fara.
Wanda ya cika tsabta, shi za ki tuhuma.
Wata tara ina cin shinkafa mai ƙanshin kwakwa,
ina mafarkin kilishi.

Da aka ba ni takarda mai hatimi
wani attajiri ya ce in zo Dubai,
ɗaki mai sanyi, albashi da dala,
ba dalarmu ta sayen ƙuli ba.
Na ce bari in ga gida tukuna.

Daren da na sauka, wuta ta ɗauke.
Kaka Yakura ta murɗa zobenta da sabulu har ya fita,
jan yaƙutun nan da muka tashi muna jin labarinsa,
wanda mijinta ya taho da shi daga Makka a ƙafa.
"To, gwana, duba mini."
Ƙanena ya haska tocila.

Na duba.
Na goge madubi, na sake dubawa.
Ga ta nan zaune a tsakiya, kumfa,
kewayayya, ƙarama kamar ƙwan kifi.
Dutse ba ya numfashi.
Kwalba ce ke haɗiye iska ta kasa amayarwa.

Tsakar gida ta yi tsit.
Na ji nauyin filin Mirriya a harshena.
Na ce, "Kaka, ja ne mai kyau."
Ta ce, "Ba ja na tambaye ki ba."
Na ce, "Kwalba ce."

Sai ta yi guɗa.
"Kuɗin ubanki bai faɗa rijiya ba!
Na gasken mun ci shi tun shekarar yunwa,
buhun hatsi huɗu da akuya.
Kakanki ya sa wannan da dare, yana zaton ina barci.
Har ya rasu ban nuna na sani ba."

Yanzu ina da tebur a Kasuwar Dole,
tsakanin mai gyaran agogo da mai turare.
Masu haƙo daga Abzin suna kwance bakin rawani,
su zuba mini tsakuwa, su zuba mini ido.
Jika ɗaya nake karɓa.
Jiya wani ya zage ni don na ce nasa ba zumurrudu ba ne.
Wani kuma na hana shi sayar da arzikinsa a kuɗin mota,
ya tafi ko sallama babu.

Ban ce ba zan je Dubai ba.
Wasiƙar na nan, ninki huɗu,
ƙarƙashin ƙafar teburin da ke rawa.
Zoben kuwa yana hannuna.
In sabon dutse ya ruɗe ni
shi nake fara dubawa.