Waya Biyu a Dadin Kowa

Kwali biyu na sauke daga bayan babur
a ƙofar injin casar Bappayo.
Ƙaiƙayi na bin iska yana neman wuyan riga,
ƙasa na kaɗawa tun daga tafin ƙafa.

Na fere ta farko da reza.
'Yan takwas ne a ciki, bibbiyu a murɗe
kamar tufkar igiyar guga,
ba su da sutura sai rigar roba.
Murɗar nan ce wayonsu:
ƙaryar da hayaniya ta raɗa wa ɗaya
ta raɗa wa ɗan'uwansa,
in sun isa gida su haɗa baki su zubar.

Ta biyu da sulkenta ta zo,
farin ƙarfe siriri mai ƙyalli,
ga wata tsirarar waya kwance a gefe
ba ta ɗauke da saƙon kowa.
Taurin kai gare ta, ba ta son kwana.
Da na faɗi kuɗinta Bappayo ya cire hula,
ya leƙa cikinta, ya mayar.

Ya ce, "Yila, sa mai tsadar ko'ina,
kada a ce na yi ƙwauro."
Rifkatu mai riƙe da littafin kuɗi
ta ce, "Waya ai waya ce, sa mai araha."
Na ce ku bari in tambayi ginin.

Don na taɓa shan kunya a Kumo.
Na shimfiɗa mai sulke daki huɗu,
na karɓi kuɗi har na ci tsire.
Kwana uku saƙo na tafiya yana ɗingishi.
Maigidana Gidado ya zo,
bai taɓa filaya ba, bai buɗe jaka ba,
ya bi wayar da ido har ƙarshenta
ya ce, "Ina ka ba ta ta zubar
da abin da ta kwaso a hanya?
Kwatar da ba ta da mafita
ai tafki ka gina a tsakar gida."

Sai na zaga.
Ofis shiru, fanka ɗaya, kwamfuta biyu,
ƙadangare a bayan kalanda.
Wa za a yi wa sulke a nan?
Marar sulke ta isa, ta bi lungu ba gardama.

Amma daga sikeli zuwa ofis
taku sittin ne ta bayan manyan injuna,
kafaɗa da kafaɗa da wayar wuta
mai kaurin damtsen ɗan dako,
ga janareto yana tari a kusurwa.
Nan ko mutum sai ya yi ihu ake jin sa.
Na ce to, ke mai taurin kai, ga gidanki.

Na sa mata kai mai bakin ƙarfe,
na haƙa rami a gindin katanga,
na kafa sandar tagulla,
gawayi, gishiri mudu guda, ruwa bokiti biyu.
Wata mai tankaɗen dusa ta tsaya kallo,
ta ce, "Miya kake yi wa ƙasa?"
Na ce bashi za ta karɓar mini kullum,
gara in fara da kyautata mata.

La'asar sakaliya koren ido ya ƙifta.
Aka ɗora buhu can cikin ƙara,
nauyinsa ya iso gaban Rifkatu
bai zubar da ko ƙwaya a hanya ba.
Ba ta ce komai ba, ta dai gyara tabarau.
Bappayo ya ƙirga canjin da ya rage masa
sau biyu.

Guntayen da suka zube na tattara a aljihu,
ruwan lemo, kore, shuɗi, ƙasa-ƙasa.
'Yata na jira a Bolari,
awarwaro take yi da su.
Ita ba ruwanta da wadda ta sa sulke.