Daren Tafiyar Nafi'u

An ɗauke wuta a Gwammaja, sai fitilar waya,
ina ninke maka kaya, kana ta dariya,
wai Yaya Lawisa ta mai da jaka ɗakin magani.
Yi abarka, ƙanena.
Shekara sha tara ina kwanan aiki a asibitin Murtala,
na ga masu tafiya da ƙafafunsu, a sauko da su a keke.

Ga katinka mai ruwan ɗorawa, na allurar shawara,
wadda ka yi sati kana raki a kanta.
Sa shi cikin fasfo, fasfo kuwa a ƙirji,
aljihun baya rabon ɓarawo ne.
Hotonsa ɗaya na wurina, ɗaya na wayarka.

Maganin gyambon cikinka, bar shi a kwalinsa
tare da takardar likita.
Kar ka juye a leda kamar gishirin ƙulli,
jami'in can bai san Tasi'u mai kemis ba.

Gobe a filin jirgi wata za ta tare ka,
dattijuwa, da carbi, da murya mai sanyi:
“Ɗan nan, kuka ce da daddawa, miƙa wa ɗana.”
Durƙusa ka gaishe ta, ka ce a'a.
Ƙullin da ba kai ka ƙulla ba, ba naka ba ne,
kunyar minti ɗaya ta fi shekara goma a bayan kanta.

A sama, tashi ka taka, jini ba ya son zama.
A ƙasa, sai murfin gora ya ce ƙas kafin ka sha.
Cikin da ya tashi da gurasar Jakara
ba ya jin yaren kowace tukunya,
ci mai tururi, wanke hannu, bar kwaɗayi a gida.

Sanyin Santambul ba ya sallama.
Ga rigar da na tsinto maka a Ƙofar Wambai,
ta yi maka yawa, na sani. Sa ta haka.
Kuɗin mutanen Kwari kuma raba su gida uku,
wanda ya cika fara'a a bakin tasha, ba shi hanya.

Umma ta juya bango wai barci take,
tun ɗazu carbinta bai tsaya ba.
In ka sauka, kira ta kafin ka kira maigidanka.

Ga wuta ta dawo.
Danne jakar da gwiwa in ja zif ɗin.
Ribar da nake jira ba ta shiga kwantena:
ka dawo da ƙafafunka, ka tsallako zauren nan,
ka ce, Yaya, ko ƙwaya ɗaya ban sha ba.